Gargaɗi a Kan Mutum Ko a Kan Abin da Ya Faru? Zaɓin da Ke Gabanka Kafin Ka Wallafa

Shekarun baya an ba ni aikin tace wata hira da aka ɗauka a bidiyo da wata malama da wuta ta ƙona tun tana yarinya. Hirar ba ta gobara ba ce. A kan koyar da lissafi ce, da dabarun da take bi har yaran da suka tsani darasin su dawo suna rububin fitowa gaban allo. Sai dai tabon ƙunar ya ci rabin fuskarta, daga kunci har wuya, ya kuma ɗan janye leɓenta na ƙasa gefe guda. Da na gama yanke-yanke sai na rubuta layi ɗaya a farko, farin rubutu a kan baƙi: "Gargaɗi: akwai hotunan da za su iya tayar da hankali." A raina na yi abin kirki, na kare masu kallo, ita ma na kare ta daga masu baƙar magana. Na tura mata ta duba kafin a saki. Ba ta yi faɗa ba. Saƙo ɗaya ta maido mini: "Malam, wane hoto ne zai tayar da hankali? Ni kaɗai ce fa a ciki."

Na koma na kalli bidiyon daga farko har ƙarshe. Allo, alli, teburi, sai ita. Babu jini, babu gawa, babu wuta. Na goge layin, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk mai sakin abu ga jama'a wata rana zai tsaya a inda na tsaya, ko malami ne da zai nuna wa ɗalibai fim, ko edita, ko marubuciyar da ke sakin labari babi-babi, ko mai kula da wani shafi a Facebook. Ana yawan ɗauka cewa hanya biyu ce kawai, ko a sa gargaɗi ko a bari. Ba haka ba ne. Akwai gargaɗin da ke nuna mutum da yatsa, ya ce akwai naƙasasshe a ciki, akwai mai tabo, akwai mai ƙiba. Akwai wanda ke faɗin abin da ya faru, ya ce za a nuna tiyata ko duka ko gawa. Akwai bayani zalla na abin da ke ciki wanda ba a kira shi gargaɗi ba. Akwai barin mai kallo ya tace wa kansa da maɓallan da manhaja ta ba shi. Sannan akwai yin shiru a saki abu yadda yake. Kowanne da kuɗin da ake biya, kuma abin lura shi ne ba aljihu ɗaya ake zarowa ba.

Gargaɗin da babu mai musu a kansa

Bari in fara da wanda ya fi kowanne tsafta, domin da shi zan auna sauran. Ranar 16 ga Disamba 1997 wani gidan talabijin a Japan ya nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon wanda a cikinsa hasken ja da shuɗi ya riƙa walƙiya da sauri na 'yan daƙiƙoƙi. A daren nan an kwashi masu kallo 685 zuwa asibiti, mafi yawansu yara, wasu da farfaɗiya, wasu da jiri da amai. Cikin masu farfaɗiya, kusan kashi 3 cikin 100 ne walƙiyar haske ke tayar musu da ciwon. Saboda irin wannan ne ƙa'idojin sauƙaƙa amfani da intanet na W3C, ƙungiyar da ke tsara mizanan shafukan intanet, suka ce kada shafi ya ƙunshi abin da ke walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya, sai in ƙarfin hasken bai kai wani mizani ba.

Dubi yadda gargaɗin irin wannan yake: "Gargaɗi: akwai walƙiyar hasken da za ta iya tayar da farfaɗiya." Abu yake kira da suna, walƙiya, ba mutum ba. Cutar da yake hanawa sananniya ce, a jiki take, likita na iya aunawa. Wanda ya karanta ya san abin yi nan take, ya kashe ko ya kau da kai ko ya tsallake. Kuma don mai lalurar aka rubuta shi. Yanzu sauya layin ka ce "Gargaɗi: akwai mai farfaɗiya a cikin wannan shirin." Kalmar farfaɗiya tana nan a duka biyun, amma na farko garkuwa ce aka miƙa masa, na biyu kuwa shi aka mai da abin da za a kare mutane daga gare shi.

Idan mutum ne ya zama abin gargaɗi

Wannan tunanin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1867 birnin San Faransisko a Amurka ya kafa dokar da ta hana masu naƙasar da ake gani a jiki bayyana a bainar jama'a. Shikago ta yi tata a 1881, wadda ta haramta wa duk mai cuta ko guntulallen gaɓa ko wata tawaya da za ta sa a ƙyamaci kallonsa fitowa kan titi ya nuna kansa. Mabarata aka fi nufi, amma hujjar da aka kafa ita ce idon mai wucewa ya fi 'yancin mai tabo daraja. Sai a 1974 Shikago ta soke tata. Yau babu ɗan sandan da zai kama ka don fuskarka, amma hujjar ba ta mutu ba, gida ta sauya.

A ƙarshen 2016 wani mutum a Suwidin ya sa hoton abokinsa a Facebook don taya shi murnar cika shekara 60. Abokin nasa tsohon ma'aikacin kashe gobara ne da ya ƙone a bakin aiki tun yana saurayi. Aka cire hoton. Ya sake sawa, aka sake cirewa. Sai da dubban mutane suka yi ta yaɗa shi kafin kamfanin ya mayar, ya ba da haƙuri, ya ce kuskure ne. A Disamba 2019 kuma wata kafar labarai ta Jamus, Netzpolitik, ta bankaɗo takardun cikin gida na TikTok da ke umartar masu tacewa su taƙaita yaɗuwar bidiyon mutanen da ake ganin suna da naƙasa, ciki har da masu lalurar Down (wadda ake haifar mutum da ita, ta shafi kamanni da koyo) da masu otizim (lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a) da masu wani lahani a fuska. TikTok bai musa ba. Ya ce ya yi ne don kare su daga masu cin zarafi, kuma ya daina. Wannan uzurin ya tsaya mini a wuya, domin shi ne dai wanda na ba kaina ranar da na rubuta layin nan. Masu zagi suna nan suna shawagi, wanda ake zagi shi aka kulle a ɗaki, aka ce don lafiyarsa ne. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Cire hoto da sa masa gargaɗi ba abu ɗaya ba ne, na yarda. Amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zato ba. Tun 2017 Instagram ke lulluɓe wasu hotuna da hazo, sai ka latsa kafin ka gani. Ka ƙaddara wata budurwa da aka yanke wa hannu ta sa hoton ranar da ta kammala digiri, tana dariya, hular kammalawa ta karkace, dungun hannun a waje saboda rigar mai gajeren hannu ce. Ƙawarta ta buɗe waya sai ta ga toka-toka da alamar ido an ja masa layi. Labule ɗaya ake sa wa wannan hoton da na haɗarin mota. A YouTube kuwa, in aka sa wa bidiyo iyakar shekaru, wanda bai kai 18 ba ko bai shiga da asusunsa ba ba zai gani ba, kuma talla kan ragu ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ga wanda da wannan yake ci, alamar ba ta tsaya a ɓacin rai ba, ta taɓa abin hannunsa.

Ɓarnar da ta fi damuna ma ba wannan ba ce. Gargaɗi malami ne. Yaron da bai taɓa ganin zabiya ko wada ko mai ƙafar roba ba, bai san yadda ya kamata ya ji ba, yana jira a nuna masa. In ka sa "gargaɗi" kafin fuskar, ka riga ka amsa masa: wannan abin tsoro ne, ka shirya. Gobe ya haɗu da irin wannan fuskar a aji ko a mota, da darasinka zai tarbe ta. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya kawo hujjar cewa cuɗanya na rage ƙyama tsakanin rukunan mutane, kuma a 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike sama da 500 suka ga maganar ta tsaya. Ido na sabawa. Abin da ya gani sau goma yana sayen littafi, yana gardamar ƙwallo, yana koyar da lissafi, ba zai firgita shi a karo na goma sha ɗaya ba. Labulen hazo kuwa hana sabon yake yi. Ga kuma yawan mutanen da maganar ta shafa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke da naƙasa mai tasiri a rayuwarsu, wato kusan ɗaya cikin shida. Ba a sa wa kashi ɗaya cikin shida na 'yan Adam labule a ce ana tsabtace allo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, a sashe na 8, ta ɗora wa ƙasashe yaƙi da irin wannan mummunar fahimta, har ta ambaci yadda kafafen yaɗa labarai ke nuna su.

To, masu kare wannan gargaɗin fa, ba su da abin faɗa? Suna da shi, kuma bai kamata a yi musu rashin adalci ba. Za su ce akwai wanda 'yarsa ta rasu a gobara, ganin tabon ƙuna kawai ya isa ya hana shi barci. Gaskiya ne, akwai shi, kuma ciwonsa ba wasa ba ne. Daga nan ma al'adar ta samo asali: likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun shigar da ciwon firgicin bayan tashin hankali cikin kundinsu a 1980, daga baya masu rubutu a intanet kan fyaɗe da cin zarafi suka fara sa 'yar sanarwa don kada su tayar wa juna da miki. Niyya mai kyau ce.

Sai dai da aka gwada abin, sakamakon bai yi wa masu gargaɗi daɗi ba. A 2020 Payton Jones da Benjamin Bellet da Richard McNally na Jami'ar Harvard sun ba mutum 451 da suka taɓa shiga mummunan tashin hankali wasu sassan adabi su karanta, wasu da gargaɗi, wasu babu. Gargaɗin bai rage musu damuwa ba, ko da abin da suka karanta ya yi kama da abin da ya same su. Abin da ya yi shi ne ya ƙara musu ganin cewa masifar ce ginshiƙin rayuwarsu. A 2023 Victoria Bridgland da Jones da Bellet suka haɗa gwaje-gwaje 12 wuri ɗaya: gargaɗi bai sauya yadda mutane ke ji bayan sun gani ba, bai ƙara musu fahimta ba, bai kuma tabbata yana sa su kauce ba. Abu ɗaya da ya fito fili shi ne fargaba kafin a gani. Wani binciken Bridgland a kan labulen Instagram ya nuna mafi yawan mutane latsawa suke su buɗe, har da waɗanda ake zaton su ake karewa. Mutum ke nan, ce masa kar ya leƙa, ka tura shi leƙe.

Ɗora su a sikeli. A gefe ɗaya amfanin da aka nema aka rasa a gwaji. A ɗaya gefen cutar da babu shakka a kanta, wadda ke faɗawa kan mutum mai suna da fuska, wanda ba a tambaye shi ba. Ƙari a kan haka, wanda gobara ta fi taɓawa sau da yawa shi ne mai tabon. In da gaske waɗanda suka tsira daga wuta ake tausayawa, ga ɗaya nan a cikin hoton, kuma shi aka rufe.

Faɗin abin da ya faru

Zaɓi na biyu bai kuɓuta daga wancan binciken ba, kada in yi maka rufa-rufa. Shi ma ba magani ba ne, ba zai sa abu mai ɗaci ya daina ɗaci ba. Amma waɗancan gwaje-gwajen abin da mutum ke ji nan take suke aunawa. Akwai wani amfanin na daban, wato sanin abin da za ka shiga kafin ka shiga. Matar da ke zaune da 'ya'yanta tana so ta san ko akwai gawa a bidiyon kafin ta latsa. Ɗalibin da bai daɗe da rasa ƙaninsa ba zai fi son ya karanta babin kisan kai a ɗakinsa da daddare, ba a tsakiyar aji ba. Wannan ladabi ne, irin sallamar da ake yi kafin a shiga ɗakin mutum. Kuma babban fifikonsa a kan zaɓi na farko shi ne babu wanda aka zubar wa mutunci wajen yin sa.

Yana kuma ba da labarin da za a iya aiki da shi. Kwatanta waɗannan. Wani ya rubuta "Gargaɗi: taɓin hankali." Me mai karatu ya ƙaru da shi? Labarin mace ce mai shan maganinta tana zuwa aiki lafiya lau, ko labarin ɗaure majinyaci da mari ne? Bai sani ba. Abin da ya ɗauka kawai shi ne masu wannan lalurar abin gudu ne. Wani kuma ya rubuta "A babi na 7 akwai yunƙurin kashe kai." Nan an san me, an san ina. Haka "Gargaɗi: naƙasa" da "Akwai wurin da ake yi wa kurma izgili ana kiransa da sunayen banza." Na biyun kurman da kansa zai fi kowa gode maka, domin shi ne zai ji zafin wurin, shi ya sha jin waɗannan sunayen. Haka "Gargaɗi: ƙiba" da "Ana lissafa nauyin jiki da dabarun horar da kai da yunwa." Na farko zagi ne aka sa masa riga. Na biyu mai fama da lalurar ƙin cin abinci zai iya amfani da shi ya kauce.

Hanyar gwaji mafi sauƙi da na samu ita ce in karanta layin da ƙarfi kamar mutumin da ke cikin hoton yana zaune kusa da ni. In zan iya faɗa ina kallon idonsa, to abu na kira. In harshena ya yi nauyi, to shi na kira.

Aibin wannan zaɓin shi ne yana son aiki. Dole ka kalli abin, ka gane takamaimai mene ne mai nauyi a ciki, ka samo masa kalma. "Zai iya tayar da hankali" malalacin gargaɗi ne, shi ya sa ya fi yawa, shi ya sa kuma na rubuta shi. Aibi na biyu, in ka cika shi sai ya zama hayaniya. Wanda ya sa gargaɗi tara a kan kowane rubutu, na goman da ke da muhimmanci babu mai karantawa.

Bayani zalla, da mataci a hannun mai kallo

Akwai wani abin da masu cewa a daina ambaton naƙasa kwata-kwata ba sa lura da shi. Mutane da yawa nema suke. Uwar da aka ce ɗanta na da otizim tana neman littafin da jarumin ciki yake kamar ɗanta. Makaho na son ya san ko akwai labarin da makaho yake soyayya ya yi aure ya yi rigima da surukai, ba wanda aka kawo shi don a tausaya masa a shafi biyu a kashe shi ba. In ka goge kalmar ka ɓoye musu abinsu. Nan ne bayani zalla ya fi gargaɗi da shiru baki ɗaya: "Labarin wata kurma mai gyaran waya da ke neman ɗan'uwanta da ya ɓata." Kalmar kurma tana nan, amma a layin gabatarwa take, kafaɗa da kafaɗa da sana'arta da abin da take nema. Ɗauke ta ka kai ƙarƙashin kanun "Gargaɗi" tare da fyaɗe da azabtarwa, ma'anarta ta sauya ba tare da ka taɓa harafi ɗaya ba. Kalma da maƙwabtanta ake saninta.

Don haka in kana da fili biyu a shafinka, raba su. Ɗaya na abin da ke ciki, ɗaya na faɗakarwa. Siffar mutum ta tafi na farko. Aikin da aka yi masa, ko ya yi, in mai nauyi ne, ya tafi na biyu.

Barin mai kallo ya tace wa kansa kuwa shi ne amsar matsalar da babu marubucin da zai iya warwarewa, wato abin da ke tayar wa mutum da tsohon miki ba ya bin ƙa'ida. Wani ƙamshin wani turare ne, wani ƙarar rufe ƙofa, wani wata waƙa da aka sa a rediyo ranar. Ba za ka iya hasashen duka ba. Twitter ya kawo damar toshe kalmomi a 2016, TikTok ya kawo maɓallin tsallake bidiyo mai walƙiya a 2020, Instagram ya ba masu amfani da shi damar rage ko ƙara abubuwa masu nauyi a 2021. Kyan wannan hanyar shi ne a ɓoye take. Mahaifin da ba ya iya kallon tabon ƙuna ya toshe kalmar a wayarsa, ya huta, mai tabon bai sani ba, ba a rataya masa komai a wuya ba. Rauninta a fili yake: kalma take kamawa, hoton da ba a rubuta masa komai ba zai wuce ta. A aji ko zauren taro kuma babu maɓalli. Can malami zai iya raba jadawalin abin da za a karanta tun farkon zango, duk mai damuwa ya same shi a keɓe.

Inda gizo ke saƙa

Da a ce kullum layin a miƙe yake da na tsaya a nan. Akwai wuraren da mutum da abin da ya faru suke manne.

Mafi wuya shi ne tabon wanda ya taɓa yanka jikinsa da kansa. A Fabrairun 2019, bayan mutuwar wata yarinya 'yar shekara 14 a Birtaniya da iyayenta suka gano ta yi ta kallon irin waɗannan hotunan, Instagram ya haramta hotunan raunata kai masu muni. Matakin na da hujja, domin a nan ana tsoron kwaikwayo ne, ba ɓacin rai kawai ba. Amma ba a jima ba mutanen da suka warke shekaru da yawa suka fara kuka cewa ana rufe ko cire hotunansu na yau da kullum, don kawai tsohon tabo ya fito a hannu. Ni a nan ga inda na tsaya: ɗanyen rauni abu ne da ke faruwa, ya cancanci faɗakarwa, wani lokacin ma bai cancanci a nuna shi ba sam. Tabon da ya warke fata ce, jikin mutum ne da zai tafi da shi har kabari. In an matso da kyamara kan tabon ana bayanin yadda aka yi shi, an koma magana kan aiki, a faɗakar. In mutum ne yana riƙe da kofin shayi tabon ya leƙo, a ƙyale shi. Wannan ma'aunin na warkakke da ɗanye yana aiki ga ƙuna da yankan gaɓa da ɗinkin tiyata.

Akwai kuma inda buƙatun masu lalura biyu ke karo. A manhajar sada zumunta ta Mastodon, inda sa faɗakarwa ya zama ruwan dare, wasu kan nemi a sa alama a hoton da mutum ke kallon kyamara kai tsaye, saboda haɗa ido na takura wa wasu masu otizim. Buƙata ce ta gaske. Amma ga wadda ta shafe shekara ashirin tana ɓoye fuskarta, yau ta samu ƙarfin halin nuna ta, a ce mata ta rufe, abin da za ta ji daban ne da abin da aka nufa. Ban ga mai laifi a cikinsu ba. Mafita mafi ƙarancin ɓarna ita ce mai buƙatar ya saita manhajarsa ta ɓoye masa hotuna duka sai ya latsa, wanda Mastodon ɗin ke ba da dama, maimakon a ɗora wa wasu fuskoki dokar da ba a ɗora wa sauran ba.

Mai lalurar Tourette da ashar ke suɓuce wa ba da sonsa ba (kuma ƙalilan ne cikinsu ke da wannan alamar, saɓanin abin da fina-finai suka koya wa mutane), in za a nuna hirarsa, ashar ɗin za a faɗakar a kai kamar yadda za a yi wa ta kowa, a ƙara bayanin cewa ba da gangan ba ne. Mai in'ina ba ya buƙatar komai sai haƙurin mai sauraro. Bidiyon wanda farfaɗiya ta kayar, da aka ɗauka don koyar da taimakon gaggawa, ya cancanci a ce "za a nuna faɗuwar farfaɗiya," amma tambayar da ta riga wannan ita ce ko shi ya yarda a nuna.

Tsofaffin fina-finai kuwa juya lamarin ake yi. Shekara da shekaru masu shirya fim na manna wa mugu tabo a fuska don a gane shi mugu ne tun kafin ya buɗe baki. Ƙungiyar Changing Faces ta Birtaniya, wadda James Partridge ya kafa a 1992 bayan shi kansa ya ƙone a haɗarin mota yana ɗan shekara 18, ta yi kamfe a kan haka, har a 2018 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta ce ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ke amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta. In za ka nuna wa ɗalibai irin wannan fim ɗin, abin faɗakarwa ba fuskar ba ce, dabarar mai fim ɗin ce ta haɗa tabo da sharri.

Shirun fa, yaushe ya dace? Sau da yawa fiye da yadda hannu ke so. Duk lokacin da ka bincika ka ga babu abin da ya faru a ciki sai rayuwa, mutum na aiki, na dariya, na ba da ra'ayi, to babu abin rubutawa. In tsoronka masu baƙar magana ne, su za ka bi: goge zagin, toshe mai yi, tsaya a kan sharhin na kwana biyun farko. Ya fi wahala, amma nauyin ya faɗa kan wanda ya jawo shi.

In kuma mutumin da ke ciki yana raye kana iya samunsa, tambaye shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan kusan shekara guda malamar nan ta yarda a sake wata hirar, wannan karon a kan gobarar kanta da watannin da ta yi a asibiti. Na tambaye ta ko za a sa wani abu a farko, ta ce a sa, amma ita za ta rubuta. Ga abin da ta turo: "Daga minti na 6 zuwa na 9 ina bayanin yadda wutar ta kama ni da yadda ake wanke ciwon. Wanda ba ya son ji ya tsallake zuwa minti na 10." Ta kuma ce kada a sa shi a kan baƙin allo. A ƙasan fuskarta aka rubuta shi, tana zaune tana gyara gilashinta, tana jiran a ce mata ta fara.